Makin da Ke Jiran Tsohuwa

Litinin, da hantsi

Na buɗe shago ni kaɗai. Na share, na goge tebura, na hura ƙurar da ta taru a bayan Tsohuwa, tsohuwar kwamfutar Yaya. Kujerar Yaya ban taɓa ta ba, tana nan yadda ya ture ta baya ranar da aka tafi da shi asibiti.

Tsohuwa tana kan kashi arba'in da ɗaya cikin ɗari. Yaya ya ce in riƙa rubutawa, don in ya tambaye ni kada in tsaya ina sosa ƙeya. Rubutuna ba kyau, amma ba wanda zai karanta.

A bakin mota ya kira ni, matarsa Anti na riƙe da jakar kayansa. Ya ce, "Auta, duk abin da ka ga dama ka kashe a shagon nan, ban da Tsohuwa. Ka bar ta da tafiyarta har ta gama. Akwai mai jiranta." Na ce to. Anti ta ce, "Mutum na cikin wannan hali yana zancen akwati." Ya yi dariya, dariyar ta koma tari.

Talata, bayan azahar

Tela na shagon kusa ya leƙo, tef a wuya. Ya ce, "Injiniya, wai wannan kwamfutar da ke gurnani ba dare ba rana, uban me take yi? Ba mai gyara, ba mai kallo, sai shan wuta."

Na yi masa bayani yadda Yaya ya yi mini. Wasu masu bincike ne a wata jami'a mai nisa suke son sanin yadda ruwan sama zai kasance nan da shekaru masu yawa. Lissafin ya fi ƙarfin na'urorinsu, sai suka yayyanka shi gunduwa-gunduwa. Duk mai kwamfutar da ke zaune a banza sai ya karɓi gunduwa ɗaya ta intanet, na'urarsa ta lissafa, ya mayar musu.

Ya ce, "Su biya nawa?"

Na ce ba biya, maki suke bayarwa.

"Makin ana sayen zare da shi?"

Na ce a'a. Ana dai rubuta shi a gaban sunanka a shafinsu.

Na nuna masa shafin. Kowace gunduwa mutum biyu ake ba, waɗanda ba su san juna ba. Sai amsar wannan ta zo ɗaya da ta wancan sannan a ba kowa makinsa. Yaya yana kiran ɗayan abokin ɗauka, wai kamar buhu ne kowa ya kama kunne ɗaya. Namu abokin ɗaukar ya gama tuntuni. Ba suna a layinsa, lamba ce kawai, a gefenta an rubuta yana jira. Mu yake jira.

Tela ya daɗe yana kallon layin. Ya ce, "Wato shi ma wani marar aikin yi ne irinku." Ya koma kan kekensa.

Laraba, da yamma

Na je asibiti. Ɗakin yana ƙarshen baranda, gado huɗu, nasa ne kusa da taga. Ya rame a wuya. Kafin in gama gaisuwa ya ce, "Nawa?" Na ce arba'in da huɗu. Ya ce, "Tsohuwa ke nan, ba sauri ba tsayawa."

Anti ta ba ni kwanonin jiya in kai gida. Ba wanda aka taɓa.

Alhamis, da hantsi

An ɗauke wuta. Tsohuwa ba ta ajiye aikinta sai ta kammala shekara guda ta lissafi, in wuta ta tafi a tsakiya sai ta koma farkon shekarar. Jiya arba'in da huɗu, yau arba'in da uku. Na ciro batirin motar Yaya na haɗa mata. Motar dai ba inda za ta.

Juma'a, bayan la'asar

Ciyaman ya kira wayar shago. Shi ne shugaban ƙungiyar su Yaya, masu irin wannan aikin da suke tara makinsu wuri ɗaya a ƙarƙashin suna ɗaya. Ban taɓa ganinsa ba, murya kawai na sani. Ya yi ya mai jiki, na ce da sauƙi. Sai ya shiga abin da ya kira dominsa.

Wai an fara gasa tsakanin ƙungiyoyi. Akwai gajerun ayyuka da ake gamawa a yini, in ka mayar da wuri har ƙarin maki ake yi maka. Ya ce in soke dogon aikin da ke kan Tsohuwa in cika ta da gajeru.

Na ce, "Yallaɓai, akwai mai jiranmu."

Ya ce, "In ka soke za a tura wa wani, ƙanena. Kowa haka yake yi."

Na ce wanin zai fara ne daga sifiri, mutumin kuma ya sake sabon jira. Ya ce ai ba mutuwa zai yi ba. Sai ya tuna halin da Yaya ke ciki. Ya ce in yi haƙuri, bakinsa ne ya zame.

Na ce zan sa Barewa ta yi musu gajerun. Barewa ita ce sabuwar da Yaya ya harhaɗa da hannunsa bara. Abin da take tarawa a yini ɗaya Tsohuwa ba ta tara shi a wata.

Asabar, da safe

Arba'in da tara.

Lahadi, da yamma

Yau ya ɗan samu ƙarfi, har ya zauna. Na gaya masa zancen Ciyaman. Na ce, "Yaya, ni abin da ban gane ba, Tsohuwa ta fi shan wahala, ta fi zafi, fankarta har kuka take, amma Barewa ake yi wa ƙari. Masu sababbin na'urori su kwashe gajeru, dogayen a bar wa tsofaffi. Ina adalci a nan?"

Ya ce, "Kada ka ga laifin Ciyaman. Ba don makin ba da rabin mutanen nan sun watse tun shekarar farko. Ɗan Adam yana son a ce an gan shi."

Na ce to makin na mene ne.

Ya ce, "In ka wuce mutum yana haƙa rami me kake ce masa?"

Na ce sannu da aiki.

"To shi ne. Ba albashi ba ne. Sannu da aiki ce aka mayar lamba. Matsalar ita ce in mutum ya fara haƙa rami a inda masu gaisuwa suka fi wucewa."

Anti ta ce mu bar shi ya huta. Ya ce mata, "Hajiya, lissafin damina muke yi." Ta ce, "Daminar da ba a kai ba." Ta faɗa ne da wasa. Sai ta tashi ta ce za ta ɗebo ruwa, alhali butar cike take.

Talata, da hantsi

Hamsin da biyar. Mutum ɗaya ya kawo gyara, da ya ga ba Yaya ya ɗauki abinsa ya tafi. Ban ji haushi ba. Ni ma da ni ne haka zan yi.

Alhamis, bayan azahar

Tela ya shigo shan inuwa. Ya ce, "Injiniya, ya mutumin naku? Har yanzu yana tsaye da kunnen buhu?" Na ce yana nan. Ya ce, "Ka tabbata ma mutum ne? Wataƙila ya mutu an manta da kwamfutar a kunne."

Na lura da abu ɗaya ban gaya masa ba. Shafin yana nuna lokacin da kowace na'ura ta leƙo. Ta mutumin kullum da safe take leƙowa, ban da ranar hutu. Ina jin a wurin aiki take, a ƙarƙashin wani tebur, kuma irin Tsohuwa ce sak, shekarunsu ɗaya. Wani ne yake zuwa ya kunna ta kafin ya cire takalmi. Ina ganinsa a raina da tabarau, ban san dalili ba.

Asabar, da yamma

Ya tambaya, na ce sittin da biyu. Ya ce, "Sittin da..." bai ƙarasa ba, barci ya ɗauke shi. Sun ƙara masa wata roba a hannu.

Litinin, da la'asar

Kawu ya zo shago da wani mutum mai jaka. Suka zagaya, mutumin yana ƙwanƙwasa kaya da ɗan yatsa. Ya tsaya a kan Barewa. Ya kalli Tsohuwa ya ce wannan ko kyauta ba ya so. Kawu ya ce ranar Asabar za a zo a ɗauki Barewa, ana bukatar kuɗinta a asibiti. Ai gaskiya ne, ana bukata.

Da za su fita Kawu ya dafa ni ya ce, "Auta, ka riƙa zuwa kullum yanzu, ka ji? Ba sai an aiko ba."

Talata, da safe

Sittin da takwas. Ta ce saura mako biyu da wani abu.

Likita ya kira Anti waje jiya. Da ta dawo ta gyara wa Yaya bargo sau uku, bargon kuwa ba abin da ya same shi.

Mako biyu da wani abu.

Talata, bayan azahar

Na zauna ina kallon su biyun. Barewa na nan har Asabar. Abin da Tsohuwa za ta yi a mako biyu ita kwana uku ya ishe ta. Aikin ɗaya ne, lissafin ɗaya ne, biyu da biyu huɗu ne a kowace na'ura. Ba sokewa zan yi ba. Ba wanda zan cuta. Mutumin ma zai samu makinsa da wuri.

Yaya ya ce in bar ta da tafiyarta. Amma ai sokewa yake nufi.

Na kwafe aikin daga cikin Tsohuwa na zuba wa Barewa. Ya karɓa, ya ci gaba daga sittin da takwas kamar ba abin da ya faru. Na kashe Tsohuwa don kada su yi aiki ɗaya su biyu. Murfinta da zafi kamar goshin mai zazzaɓi.

Laraba, da hantsi

Tela ya leƙo ya ce, "Yau unguwa shiru. Ina tsohuwar taku?" Na ce tana hutawa. Ya kalle ni, ya kalli kujerar Yaya, bai yi tsokanar da ya zo da ita ba.

Tamanin da ɗaya. Lambar har gudu take a ido.

Juma'a, da safe

Ta gama. Ta tura. Na tsaya a kan shafin ina sabuntawa.

Layinmu bai zama kore ba, na mutumin ma bai zama ba. Duka biyun sun koma rawaya. Na bi rubutun da yatsa a hankali har na haɗa ma'anarsa: amsoshin ba su zo ɗaya ba, an tura wa na uku ya raba gardama.

Na ukun yana kan sifiri.

Juma'a, da yamma

Idonsa biyu da na shiga. Na sunkuya kusa da kunnensa na ce, "Yaya, ta gama."

Leɓensa ya motsa. Na matsa. Ya ce, "Mutumin fa?"

Na ba shi amsa.

Ya lumshe ido, ya matse mini yatsa biyu. Anti ta ce rabon da ta ga fuskarsa ta saki haka tun shigowarsu. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Auta." Na fita baranda na tsaya wajen famfo har aka fara korar masu dubiya.

Asabar, da hantsi

An zo an ɗauki Barewa. Inda ta zauna ya bar murabba'i mai tsabta a kan tebur.

Na kira Ciyaman na gaya masa abin da na yi. Ya ja numfashi ya ce, "Kash, ƙanena. Da ka tambaye ni." Ya ce kowace irin na'ura tana da yadda take gutsure ƙarshen lamba in ta yi tsawo, ɗan abin da ido ba ya gani. Shi ya sa ake haɗa tsohuwa da tsohuwa, sabuwa da sabuwa. A lissafin ruwan sama kuwa ɗan bambancin nan girma yake yi kowace shekara, har a ƙarshe a wurin wannan an yi ruwa, a wurin wancan fari ake.

Na ce, "To shi mutumin mene ne laifinsa? Ya yi nasa daidai, ya jira, yanzu zai sake jira."

Ya ce, "Ba laifinsa. Tsarin bai san mutum ba, amsa ya sani. In ya fara duba wa ya sha wahala, wa yake da uzuri, gobe kowa zai turo shirme ya ce ya sha wahala."

Gaskiyarsa ce. Ta yi mini nauyi ne kawai.

Litinin, da yamma

Bai tambaya ba.

Talata, da yamma

Bai tambaya ba. Na faɗa masa na ce Tela yana gaishe shi.

Alhamis

Ban buɗe shago ba.

Lahadi, bayan azahar

Gida cike da takalma a bakin ƙofa. Ina ta kai tabarmi ina dawowa da su. Gara haka.

Ranar Alhamis da muka fita da shi a makara, ni na kama gaba ta dama. Mutane suna ta karɓar juna, ni na ƙi saki. A ɗaya gefen wani ɗan gajeren dattijo ne da ban sani ba, kafaɗarsa ba ta kai tawa ba, sai da na riƙa rage tsawo don kada abin ya karkace. Bai saki ba shi ma har muka isa. Da muka dawo ya miƙo mini hannu ya ce, "Ƙanena." A muryar na gane Ciyaman ne.

Talata, da hantsi

Ciyaman ya kira. Ya ce 'yan ƙungiya sun yi shawara, kowa zai juya na'urarsa ta yi aiki da sunan Yaya na mako guda, makinsa ya tashi ya hau saman jerin, don girmamawa. Na san da alheri suke nufi. Na ce a yi musu godiya, amma a bar shi a inda ya tsaya. Ya ce me ya sa. Na ce ramin da bai haƙa ba ne. Bai gane ba, ni kuma ban iya bayani ba. Ya ce to, Allah ya ba mu haƙuri.

Na ukun yana kan ashirin da shida. Shi ma tsohuwa gare shi.

Juma'a, da safe

Na buɗe shafin a waya. Mutumin ya leƙo da safe kamar kullum. Yana jira.

Laraba, bayan la'asar

Kawu ya ce ƙarshen wata za a mayar wa mai gida da makullin shago. Anti za ta koma gidansu in ta gama zaman da take yi. Ta ce in ɗauki abin da nake so a kayan aikin. Na ɗauki abin hura ƙura, da ƙarfen lika waya, da Tsohuwa. Ta ce, "Ita ma?" Na ce ita ma. Ta ce, "Kai da yayanka dai," sai ta juya fuska.

Tun ranar da na kashe ta ban kunna ta ba. Nakan kai hannu in fasa.

Litinin, da hantsi

Saba'in da uku, na ukun. Ba sauri ba tsayawa. Ko shi wa ya ce masa kada ya taɓa?

Asabar, da safe

Yana jira.

Alhamis, da hantsi

Na ukun ya gama. Amsarsa ta zo ɗaya da ta mutumin. Layinsu biyu kore, kowa da makinsa a gefe. Namu ja ne. A wurin maki an sa sifiri.

Duk kwanakin da Tsohuwa ta yi tana kuka, da batirin mota, da tambayar da yake yi daga kan gado, sifiri. Na zauna a ƙasa a shagon da ba komai sai ita, ina jiran haushi ya zo. Bai zo yadda na zata ba. Abin da na gaya wa Yaya ranar Juma'ar nan, cewa mutumin ya samu makinsa, yau ya zama gaskiya. Ya makara ne kawai.

Tela ya shigo ya same ni a haka. Ya ce, "Injiniya, lafiya?" Na miƙa masa wayar. Ya ce shi bai iya karanta wannan ba, in faɗa masa da baki.

Na ce mutumin ya samu.

"Alhamdu lillahi. Ya sauke buhu. Ku fa?"

Na ce sifiri.

Ya cire tef daga wuya ya naɗe shi a yatsa, ya warware, ya sake naɗewa. Ya ce, "To ni dai ina nan, na ji gurnaninta ta bango tun daga farko har ƙarshe. Sannu da aiki."

Ban taɓa gaya masa zancen ramin ba. Na sunkuyar da kai, ya bar ni har na gama.

Asabar, bayan azahar

An karɓi makulli. Tela ya matsar da buhun ƙyallayensa ya ba ni lungu a bayan keken ɗinki, akwai soket a wurin. Ya ce, "Amma in ta hana ni jin rediyo waje zan yi da ita, na rantse." Shi ya kama mini gefe ɗaya muka shigo da ita.

Na kunna. Ta daɗe tana tunani, sannan fankar ta ɗauka. Sunan Yaya ne har yanzu a kai, ban canza ba. Ta karɓi sabuwar gunduwa, doguwa. Na duba shafin, an riga an haɗa mu da wani, lamba ce kawai ba suna. Bai gama ba shi ma, yanzu ya fara.

Litinin, da hantsi

Kashi biyu cikin ɗari. Na hura mata ƙura. Ban taɓa komai ba.